Ƙashi, Jini da Lokaci: Darasi Daga Ƙafar Mick Doohan, Zakaran Tseren Babur

Ɗalibai da yawa, idan aka ambaci ƙashi, abin da ke faɗo musu a rai shi ne busasshen ƙashin da suke gani a bayan mahauta, ko kuwa ƙwarangwal ɗin roba da ke rataye a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta. Saboda haka sai su ɗauka ƙashi kamar azara yake a cikin gini, an kafa shi ne kawai don ya riƙe nama. Wannan fahimta akwai gyara a cikinta. Ƙashin da ke jikin mai rai shi ma rayayye ne. Yana samun abinci da iska ta hanyar jini, yana rushe kansa yana sake gini, kuma idan ya karye shi ne yake ɗinke kansa, aikin likita ko maɗori bai wuce daidaita shi da tsare shi ba. Tarihin wani ɗan tseren babur na ƙasar Ostireliya ya isa misali a kan wannan batu, domin kusan duk abin da ake koyarwa a aji game da warkewar karaya ya auku a ƙafarsa ta dama.

Mutumin da abin hawansa

An haifi Michael Doohan, wanda aka fi sani da Mick, ran 4 ga Yuni 1965 a jihar Kwinsland. Tun yana yaro yake hawan babur a filin ƙasa, daga baya ya koma tseren kwalta. A 1989 kamfanin Honda ya ɗauke shi ya shiga gasar duniya a aji mafi girma na wancan zamani, watau ajin si-si 500. Shi wannan tsere ba a titin jama'a ake yin sa ba. A rufaffen fili ake yi, mai kwalta da kwana-kwana, a zagaya ƙasashe ana yi a tsawon shekara, ana tara maki, wanda ya fi maki a ƙarshe shi ne zakaran duniya.

Ya kamata mai karatu ya san irin abin da ake hawa. Baburan da aka saba gani suna ɗaukar mutane a garuruwa, cikin injinsu bai cika wuce si-si 100 zuwa 125 ba, ƙarfinsu kuwa da wuya ya wuce na dawaki goma. Babur ɗin Doohan, Honda NSR500, cikin injinsa rabin lita ne, ƙarfinsa ya haura na dawaki 160, alhali nauyinsa kilo 130 ne kacal, kuma a miƙaƙƙiyar hanya yakan wuce kilomita 300 a awa. Babu wata na'ura a jikinsa da ke hana tayar baya sulɓewa, irin wadda ake sa wa baburan tsere na yanzu. Hannun mahayi da ƙafarsa ne kaɗai ke tsakaninsa da faɗuwa.

Doohan ya ci tserensa na farko a Hangari a 1990, ya gama shekarar yana na uku. A 1991 ya zo na biyu, bayan Ba'amurke Wayne Rainey na kamfanin Yamaha. A 1992 kuwa sai ya zama ba mai iya kamo shi. Cikin tsere bakwai na farko ya ci biyar, ya zo na biyu a sauran biyun, ya tara maki 130, a lokacin da Rainey ke da 65. Kowa ya sakankance kambin na Doohan ne.

A ƙarshen watan Yuni na shekarar, a filin Assen na ƙasar Holan, yana cikin gwaji kafin ranar tsere, babur ya kayar da shi. Ƙasusuwa biyu na ƙwaurinsa na dama suka karye, babban da siririn da ke gefensa. Aka yi masa tiyata a wani asibiti na kusa, aka haɗa ƙashin da faifan ƙarfe da kusoshi, da fatan cikin 'yan makonni zai koma kan babur. Ba haka ta kasance ba. Bayan tiyatar jini ya kasa kewaya ƙafar yadda ya kamata, nama ya fara mutuwa, har aka shiga maganar yanke ta.

Yadda karaya ke cinye ƙafa

Tambayar da ta dace ɗalibi ya yi a nan ita ce, ta yaya karaya, abin da ake warkewa daga gare shi kullum, za ta kai mutum ga rasa ƙafa? Amsar tana ga jini. Kowace ƙwayar halitta a jiki tana bukatar iskar oksijin da abinci ba yankewa, kuma jini ne ke kai mata su ta cikin 'yan siraran hanyoyi waɗanda suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Tsoka ba ta da haƙurin yunwar iska. In aka tsare mata jini na kimanin awa shida, ɓarnar da ta auku ba ta gyaruwa.

Hanyar da aka fi sani da wannan ɓarna ke faruwa a ƙafa tana da nasaba da yadda aka tsara ta. Tsokokin da ke tsakanin gwiwa da idon sawu a rarrabe suke cikin ɗakuna huɗu, kowane ɗaki an kewaye shi da wani tantani mai tauri wanda ba ya miƙewa. Idan ƙashi ya karye, jini ya tsiyaya a ciki, nama ya kumbura, kumburin ba shi da inda za shi. Sai matsi ya yi ta ƙaruwa a cikin ɗakin har ya danne siraran hanyoyin jinin nan. Tsokar da ta rasa iska sai ta ƙara kumbura, matsin ya daɗa ƙaruwa, abu ya yi ta cin kansa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, sau da yawa ana iya jin bugun jini a ƙafar alhali tsoka na mutuwa a ciki, domin manyan hanyoyin jini sun fi ƙananan jure matsi. Maganin da likitoci ke yi na gaggawa ne: su tsaga fata da tantanin a tsaye, su bar ciwon a buɗe har kumburi ya sauka.

Wannan bayani ba na 'yan tseren Turai kaɗai ba ne. Ƙwaurin mai babur a fili yake, ba abin da ya kare shi, shi ya sa karayar ƙwauri ta zama ruwan dare duk inda babura suka yawaita. A ƙasar Hausa da yawan masu karaya wajen maɗori ake fara kai su. Akwai masu ɗori da suka gaji sana'ar suka kuma san ta, amma ɗaurin da aka tamke da kara da tsumma a ranar farko, kafin kumburi ya gama tasowa, yana yi wa ƙafa daga waje irin abin da tantanin nan ke yi mata daga ciki. Likitocin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, sun san ƙafafu da hannuwan da ake kawowa bayan sun yi baƙi, musamman na yara. Filastar asibiti ma in ta matse haka take yi. Alamomin da za a lura da su ba su da wuyar ganewa: zafin da ya wuce kima kuma yake ƙaruwa maimakon ya ragu, zafin da ke tsananta idan aka motsa yatsu, sai dindiris ko mutuwar yatsun, da sanyinsu, da sauyin launinsu. Ɗalibi na iya gwada wani abu a jikinsa yanzu. Ya danna farcensa har ya yi fari, sa'an nan ya saki. Cikin daƙiƙa biyu jan zai dawo. In an yi wa mai ɗori wannan gwaji aka ga jan ya yi nawar dawowa, ko aka ga ɗaya daga cikin alamomin nan, to a sassauta ɗaurin a nufi asibiti a wannan sa'a, ba a jira wayewar gari ba.

Ƙafa ta ciyar da 'yar'uwarta

Wanda ya ceci ƙafar Doohan shi ne Dokta Claudio Costa, likita ɗan garin Imola na Italiya, wanda tun 1977 yake bin 'yan tsere fili-fili da asibitinsa na tafi-da-gidanka. Costa ya ɗauke shi a jirgin sama zuwa Italiya, ya yi masa wani aiki da ke ba mai ji mamaki: ya ɗinke ƙafafunsa biyu wuri guda, suka zauna a haka kimanin mako biyu.

Hikimar abin ita ce, idan nama ya mutu aka yanke shi aka zubar, sai a bar rami, wani lokaci har ƙashi na waje. Babban ƙashin ƙwauri kuwa dama ta gaba fata ce kaɗai ta rufe shi, kowa ya shafa nasa zai ji, kuma ɓangarensa na ƙasa ba shi da wadatar hanyoyin jini. Da a ce an yanko fata daga wani wuri ɗungurungum an shimfiɗa a kan irin wannan rami, mutuwa za ta yi, don babu abin da zai ciyar da ita daga ƙasa. Saboda haka sai likita ya ɗago fata da naman da ke ƙarƙashinta daga lafiyayyar ƙafa, amma ya bar gefe guda a manne da uwarta, ya ɗinka sauran a kan ciwon. Jinin lafiyayyar ƙafa ya ci gaba da ciyar da fatar, ita kuma mai ciwon ta shiga tsiro da sababbin siraran hanyoyin jini suna kutsawa cikin baƙuwar fata. Bayan mako biyu zuwa uku fatar ta kama, sai a raba ƙafafun. Duk wanda ya lura da yaɗon dankali ya ga irin wannan: reshe na kwance a ƙasa yana sha daga uwa, har ya yi saiwar kansa, sa'an nan ko an datse shi ba ya mutuwa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likita na birnin Bolonya, maƙwabcin Imola, mai suna Gaspare Tagliacozzi, ya bayyana a littafinsa na 1597 yadda ake gyara yankakken hanci da fatar dantse, a ɗaure hannun mutum a kansa har fatar ta kama. A yau an fi ɗauko naman gaba ɗaya a ɗinke hanyoyin jininsa da na wurin ciwo ƙarƙashin madubin ƙara girma, amma ana komawa ga tsohuwar hanya idan hanyoyin jinin ƙafar sun lalace.

Gaggawa da sakamakonta

Ƙashi mataki-mataki yake warkewa. Da farko jini ya taru ya daskare a tsakanin karayar. Cikin makonni na farko wannan gudan jini ya rikiɗe ya zama wani kumburi mai taushi na guringuntsi da zare-zare, wanda ya riƙe ɓangarorin biyu riƙon wucin gadi. Daga nan wasu ƙwayoyin halitta, waɗanda za a iya kira magina, su shiga zuba sinadarin kalsiyam da fosfet a ciki har ya taurara. Mataki na ƙarshe shi ne mafi tsawo, yakan ɗauki watanni har shekaru: wasu ƙwayoyin, marusa, su dinga sassaƙe abin da ya yi yawa, magina na sake jerawa, har ƙashin ya koma kusa da siffarsa. Wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya nuna a 1892 cewa wannan sassaƙa tana bin nauyin da ake ɗora wa ƙashin ne, inda nauyi ya fi sauka nan yake ƙara kauri. Karayar ƙwauri a jikin baligi, ko ba wata tangarɗa, takan ci wata huɗu zuwa shida.

Malami na iya nuna wa ɗalibai abubuwa biyu da suka haɗu suka yi ƙashi ba tare da kashe kuɗi ba. A samo ƙashin cinyar kaza guda biyu. A jiƙa ɗaya cikin ruwan lemun tsami ko binega na kwana biyar zuwa bakwai, ana sauya ruwan. Tsamin zai narkar da ma'adinin, ya bar zaren kolajin, ƙashin ya dinga lanƙwasuwa kamar roba. Ɗayan a gasa shi a garwashi har ya yi fari. Wuta ta cinye zaren, ta bar ma'adinin, da an matsa shi sai ya marmashe. Ƙashin da ke tsakiyar warkewa ya fi kama da na farkon.

Doohan bai jira wata huɗu ba. Tsere huɗu aka yi ba shi, Rainey na ta cike giɓi, sai ga shi ya bayyana a Barazil a watan Agusta, mako takwas kacal bayan faɗuwarsa, a rame, da ƙyar yake takawa. Ya zo na 12, bai sami ko maki ɗaya ba. A tseren ƙarshe, a Kyalami ta Afirka ta Kudu, ya zo na shida. Rainey ya gama da maki 140, Doohan da 136. Maki huɗu suka raba su.

Masu sha'awar wasanni har yau suna ba da wannan labari a matsayin jarunta, kuma ba a musun ƙarfin halin mutumin. Amma ta fuskar ilmin halitta ba abin koyi ba ne. Ƙashi bai san da gasar duniya ba, kuma taurin rai ba ya sa magina su yi aikin wata huɗu cikin biyu. Sauri ya haifi nawa. Ƙashin da aka ɗora wa nauyi tun bai yi ƙwari ba sai ya lanƙwashe, ya ci gaba da haɗewa a karkace. Haka Doohan ya yi shekarar 1993 da karkatacciyar ƙafa, tsere ɗaya kawai ya ci, a Mugello ta Italiya, ya gama yana na huɗu.

A ƙarshen shekarar aka yi masa aiki a Kalifoniya ta Amurka, aka sa masa wani keji na ƙarfe da ake kira da sunan wanda ya ƙirƙiro shi, Gavriil Ilizarov, likitan Tarayyar Sobiyet da ya yi aiki a garin Kurgan tun daga shekarun 1950. Zobban ƙarfe ne ake kewaye ƙafa da su, a soke siraran wayoyi su ratsa ƙashi su kama zobban, a haɗa zobe da zobe da sanduna masu noti. Abin da Ilizarov ya gano shi ne, idan aka yanke ƙashi aka riƙa jan ɓangarorin biyu a hankali, milimita ɗaya a rana, a kashi huɗu, jiki zai yi ta cika tsakanin da sabon ƙashi, hanyoyin jini da fata su ma su miƙe su bi. In an yi sauri sabon ƙashin ba ya samuwa, in an yi nawa ya haɗe kafin a kai inda ake so. Da wannan ake ƙara wa gajeriyar ƙafa tsawo, da shi kuma ake miƙe karkatacciya, ta hanyar juya notin wani gefe fiye da na wani. Wanda ya fara sa sunan Ilizarov ya bazu ma haɗarin babur ne ya kai shi gare shi: Valeriy Brumel, zakaran tsallen sama na Sobiyet, wanda ya ragargaza ƙafa a 1965.

Birki a babban yatsa

An miƙe ƙashin, amma tsokar da ta mutu ba ta dawowa, tabo ne mai tauri ke maye gurbinta. Idon sawun Doohan na dama ya sandare, ga shi kuwa da ƙafar dama ake taka birkin baya. A tsere birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, amma da na baya ake daidaita babur a cikin kwana, a kuma lallashi tayar baya idan ta nemi sulɓewa. Saboda haka tun a 1993 injiniyoyi suka ƙera masa wani ɗan maɓalli a hannun babur na hagu, ya riƙa danna birkin baya da babban yatsa.

A nan darasin ya tashi daga ƙashi ya koma ƙwaƙwalwa. Aikin da mutum ya shekara ashirin yana yi da ƙafa ba tare da tunani ba, an ce ya mayar da shi yatsa, yana gudun da kuskuren ƙiftawar ido ke jefar da mutum. Abin ya yiwu ne domin mahaɗan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba a kafe suke ba, maimaici na ƙarfafa wasu ya raunana wasu, ko a jikin baligi. Kuma yatsan ba ƙaramin ma'aikaci ba ne. Wilder Penfield, likitan ƙwaƙwalwa a Kanada, ya nuna cewa a sashen da ke sarrafa motsi, filin da aka ware wa hannu da yatsu ya fi na ƙafa girma ƙwarai. Wasu 'yan tsere masu lafiyayyun ƙafafu daga baya sun ɗauki wannan birki don kansu, musamman saboda a kwanar dama, inda babur ke kwanciya har gwiwa na shafar kwalta, ƙafa ba ta samun sararin taka birki.

Sai dai ba kowane sashe na jiki ke da wannan baiwa ta gyara ba, kuma abokin hamayyarsa ne ya zama shaida. A watan Satumba 1993, a filin Misano na Italiya, Rainey na kan gaba a gasar, yana neman kambinsa na huɗu a jere, ya faɗi ya karya ƙashin baya, lakarsa ta yanke. Ƙashin bayan ya haɗe kamar kowane ƙashi, lakar ba ta haɗe ba. Jijiyar saƙo ta hannu ko ta ƙafa in ta yanke tana iya sake tsirowa, kimanin milimita ɗaya a rana, amma a cikin laka tabo da wasu sinadarai na wurin suna hana tsiron. Tun daga ranar Rainey bai sake takawa ba. A 2022 ya hau babur ɗin da ya ci gasar 1992 da shi, a wani biki a Ingila, bayan an mayar da giya da birki duk zuwa hannu.

Shekarun mulki

Abin da ya biyo baya gajere ne wajen faɗi. Tare da babban makanikensa Jeremy Burgess, Doohan ya ci gasar duniya a 1994 da nasara tara cikin tsere 14, ya kuma ci a 1995, 1996, 1997 da 1998, sau biyar a jere. A 1997 tsere 12 ya ci cikin 15, adadin da ba a wuce ba sai a 2014, lokacin da Marc Márquez ya ci 13. Jimillar nasarorinsa a ajin si-si 500 ta kai 54, kuma mafi yawansu da ƙafar da aka yi niyyar yankewa ya same su, yana ɗingishi daga inda ya sauka zuwa dandamalin karɓar kofi.

A watan Mayu 1999, a filin Jerez na Sifen, yana cikin gwaji bayan an yi ruwa, ya sake faɗuwa da mugun gudu ya bugi shinge. Ya karye a wuyan hannu da kafaɗa, ƙafar daman nan ma ta sake karyewa. Aka sake haɗa ta da ƙarfe. A wannan karo bai yi tseren komawa ba. Ya ba jikin watanni, ya ga iyakar abin da ƙafar za ta iya, a ƙarshen shekarar ya sanar da cewa ya bar tsere, yana da shekara 34.